DragCon kasuwa ce kafin ta zama biki, kuma ɗan wasa ne ke biyan kuɗin ƙyalƙyalin

Jama'a, kusan duk shekara sai wani guntun bidiyo ya zagayo wayoyinmu: ƙarti cikin dogayen riguna masu walƙiya, gashi tsiri guda kamar an kifa kwando, suna taku ɗai-ɗai a kan darduma ruwan hoda, dubban mutane na ihu a gefe. Sai a yi ta salati a ƙarƙashin bidiyon, wasu su yi dariya, a wuce. Matsayin addininmu da al'adarmu a kan namiji ya yi shigar mata sananne ne, kuma ba shi ya kawo ni ba yau. Abin da nake so mu duba shi ne mene ne ainihin wannan taro, wa ya kafa shi, yaya ake shirya shi, kuma aljihun wa kuɗin ke faɗawa. A ganina wanda ya kalli bidiyon nan ya ce biki ya gani, bai leƙa cikin zauren ba. Baje koli ne, irin wanda ake yi a Kaduna, sai dai hajar da ake tallatawa a nan ita ce fuskar mutum da sunansa.

Sunan taron RuPaul's DragCon. An fara shi a watan Mayun 2015 a babban zauren taro na birnin Los Anjeles, kuma kusan mutum 14,000 suka halarci na farkon. Masu shi su ne RuPaul, shahararren ɗan wasan Amurka mai irin wannan shiga, da kamfanin World of Wonder, wato kamfanin da ke shirya gasar talabijin ta RuPaul's Drag Race, wadda ta fara fita a 2009. A 2017 aka buɗe reshe a zauren Javits na birnin Niyok, a Janairun 2020 kuma aka kai shi Landan. Wannan jerin kaɗai ya isa ya nuna maka lissafin: gasar talabijin ce ke ƙera taurari, taron kuma shi ne wurin da ake sayar da ganinsu ido da ido. Kamfani ɗaya ne ke riƙe da gonar, shi ne kuma ke riƙe da kasuwar.

Shi kansa dirag ɗin, wato kalmar Drag da ke cikin sunan taron, wasan dandamali ne. Mutum, galibi namiji, yana yin shigar mace wadda aka zuzuta ta da gangan har ta wuce kowace mace ta gaske, ya hau dandamali ya yi rawa, ko barkwanci, ko ya riƙa motsa baki yana bin waƙar wani. Akwai mata ma da ke yi, akwai kuma masu fitowa a shigar maza. Namiji a matsayin mace a dandamali tsohon abu ne: a Ingila samari ne ke fitowa a matsayin mata a wasan kwaikwayo har zuwa 1660, a Japan kuma tun da aka hana mata wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki a 1629 maza suka gaji gurbinsu. Amma dirag na yau ya girma ne a mashaya da gidajen rawa na 'yan luwaɗi a biranen Amurka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Wasu a nan sukan ce ai 'yan daudu ne kawai na Turawa. Kwatancen bai zauna daidai ba. Daudanci yanayin rayuwa ne na yau da kullum, da maganarsa da sana'arsa ta girki. Dirag kuwa kaya ne da ake ɗaurawa na wasu awanni don a biya ka, a kwance su da dare.

Kuma kayan nan su ne inda kuɗi da wahala suke. Bari in bi su daga fuska.

Ana buɗe zaure da safe, kwalliya kuma takan ci awa 2 zuwa 3, don haka ɗan wasa tun asuba yake gaban madubi. Aikin farko shi ne ɓatar da gira, saboda girar namiji tana ƙasa kusa da ido, ba ta barin filin zane. Da gam ɗin sanda na 'yan makaranta ake yi, wanda ake manna takarda da shi. A goge girar da sifirit don a cire maiƙo, a shafa gam, a taje gashin sama ya kwanta, a bari ya bushe sarai, a sake shafawa. Sau 3 zuwa 5, gwargwadon kaurin girar. Sannan a danna hoda a kai, a rufe da kalar fata, a zana sabuwar gira can sama a goshi. Abin da ke lalata shi gaggawa ce: idan aka ɗora shafi na biyu alhali na farko bai bushe ba, sai ya dunƙule ya yi gudaji. Kuma da yake ruwa na narkar da gam ɗin, gumi ma na narkar da shi. Da rana ta raba, fitilu sun yi zafi, sai ka ga gashin girar asali ya fara leƙowa ta ƙarƙashin fenti.

Sai gemu. Ko an aske shi ƙwal, tushen gashin yana barin wani duhu mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fata, kuma faundeshin kaɗai ba ya rufe shi, sai ma ya mayar da wurin toka-toka. Maganinsa shi ne a fara shafa kala ruwan lemo ko ja-ja a haɓa da saman leɓe, domin ita ke kashe shuɗi, sannan a ɗora faundeshin mai kauri irin na 'yan wasan kwaikwayo. Masu yi wa amare kwalliya a nan sun san wannan dabarar, da ita suke rufe duhun ƙarƙashin ido. Daga nan a zana duhu da haske don a ƙanƙance hanci da muƙamuƙi, a lafta hoda mai yawa a bar ta minti 5 zuwa 10 zafin jiki ya dafa ta, a kakkaɓe. Gashin ido na kanti ana haɗa biyu ko uku a manne su wuri ɗaya, kuma dole a jira gam ɗin ya yi kamar daƙiƙa 30 ya fara danƙo kafin a ɗora, in ba haka ba zamewa zai yi ya shiga ido.

Akwai wata matsala da taron kansa ya haifar. An ƙirƙiri wannan kwalliya ne don a gan ta daga nesa, a cikin duhun gidan rawa, inda fitila ke wanke rabin kalar. A zauren taro kuwa farar fitila ce tarwai daga sama, kuma mai ɗaukar hoto yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da kai. Duk wani layi da ba a murje ba, duk wani tsagu a hoda, waya za ta kama shi. Shi ya sa gwanaye ke sassauta hannu a ranar taro, su rage duhu, su ƙara murzawa.

Gashin kai kuma duniya ce guda. Yawancin tulin gashin da kuke gani na roba ne, ba na mutum ba, kuma da dalili: na roba yana riƙe siffar da aka ba shi, na mutum kuwa da ya sha danshi sai ya kwanta. Amma na roba ba ya son ƙarfen gyaran gashi mai zafi, narkewa yake yi. Da rola ake naɗe shi, a busa masa tururi, a bari ya huce gaba ɗaya kafin a warware. Don ya yi tsawo ana ɗinka biyu ko uku a kan juna, ko a cusa soso a ciki, a tattaje shi baya-baya ya cukurkuɗe daga tushe, a fesa masa maganin sandarewa. Gaban nasa wata siririyar raga ce da ake mannewa a goshi da gam na musamman. Gam ɗin nan ba shi ke ɗaukar nauyi ba, aikinsa ɓoye baki ne kawai. Nauyin yana kan hular raga da aka ɗaure da salatif a kewayen kai, aka soke gashin a jikinta da filoli. Wanda ya dogara da gam kaɗai, da ya sunkuya zai sa hannu a hoto, sai gashi a ƙasa. Wanda kuma ya matse salatif da yawa, kafin azahar ciwon kai ya hana shi murmushi.

Ƙugu da mazaunai da soson kujera ake yin su. Ana samun soso mai kaurin inci 2 zuwa 3, a zana siffar, a fere shi da wuƙar lantarki irin ta yankan nama, gefuna su yi siriri kamar takarda don kada shaci ya nuna. A ɗora a jiki, a rufe da dogayen safa masu matsewa, 3 ko 4 ko fiye a kan juna, har sai gaɓar soso da fata ta ɓace. A kan wannan a ɗaura ɗamarar matse ciki mai ƙarafa a jikinta. Wasu kuma su ƙara ƙirjin roba da ake sawa ta wuya, mai nauyi, wanda iska ba ta ratsa shi, gumi ya taru a ƙarƙashi. Yanzu ka yi tunanin mutum cikin wannan ɗauri yana son zagayawa. Kwancewa da sake ɗaurawa aiki ne babba, don haka da yawa sai su rage shan ruwa. Ƙarancin ruwa, da zafi, da matsattsen ciki, da tsayuwar yini guda: ga hanyar jiri da suma nan a shimfiɗe. Daɓen zauren kuma kankare ne, dardumar da ke kai ba ta da kauri, kuma takalmi mai tsini inci 5 ko 6 a kan kankare na awa 8 azaba ce. Wanda ya san hannunsa yana ajiye silifas a bayan teburi, doguwar riga ta rufa masa asiri.

Duwatsun ado kuwa, waɗanda telolinmu ke kira siton, bari mu yi lissafinsu, domin a nan ne ake raina aikin. Ana sayar da su a ƙunshi mai 1,440. Matsakaicin dutse faɗinsa bai kai milimita 5 ba. Idan za ka rufe fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, dutse na taɓa dutse, kana buƙatar wajen 440. Ke nan ƙunshi guda bai wuce tafin hannu uku ba. Gaban riga kaɗai, mu ce santimita 40 da 50, zai ci kusan dutse 8,800, ƙunshi shida. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗiga gam a ɗora. Mai saurin hannu da ke manna 10 a minti zai yi kusan awa 15 a kan gaban riga kawai. Idan gam ya yi yawa ya haura kan dutsen, ya dushe. Idan aka manna a yadi mai miƙewa ba tare da an ɗame shi a kan gunkin tela ba, ranar da aka sa sai duwatsun su riƙa tsalle suna zubewa. Kamfanin Swarovski na Ostiriya, wanda duwatsunsa suka fi suna, ya daina sayar wa ƙananan masu sana'a a wajen 2021, abin da ya tura da yawa ga Preciosa na ƙasar Cek ko ga na gilashi masu araha. Kuma taro na kwana biyu ko uku yana nufin shiga daban kowace rana, saboda hoton jiya ya riga ya bazu.

Duk wannan daga aljihun ɗan wasa yake fita. Ga kuma rumfa.

A zaurukan Amurka ma'aunin rumfa ƙafa 10 ne da 10, wato kusan mita 3 da 3, kuma abin da ake ba ka fili ne da labule a baya. Wutar lantarki kuɗinta daban. Darduma daban. Ɗauko kayanka daga bakin ƙofar lodi zuwa rumfarka ma daban, ana cajin sa a kan kowane fam 100 na nauyi, kusan kilo 45, kuma sau da yawa akwai mafi ƙarancin abin da za ka biya ko da kwali ɗaya ka turo. A manyan zauruka irin Javits akwai ayyukan da ma'aikatan ƙungiyar ƙwadago kaɗai ke da iznin yi, ba za ka kawo ɗan'uwanka ya haɗa maka waya ba. Yadin da ka yi ado da shi dole ya zama wanda wuta ba ta saurin kamawa, jami'in kashe gobara na iya sa a sauke shi. A jihar Kalifoniya, inda Los Anjeles take, mai sayar da kaya na buƙatar takardar izni ko da na kwana biyu ne, kuma harajin ciniki a Los Anjeles ya haura kashi 9 cikin 100. Ƙara kuɗin jirgi, da otal, da akwatunan da suka wuce kilo 23, da kwalayen gashi waɗanda ba a danne su, da mataimaki aƙalla biyu: ɗaya na karɓar kuɗi, ɗaya na tsare layi yana ɗaukar hoto.

To ta ina ake mayar da kuɗin? Ta layi. Tikitin shiga na masu taro ne. Ɗan wasa da abin da ya sayar a rumfarsa ya dogara: riguna masu hotonsa, bajo, mafici, hoto mai sa hannu. Shi ya sa da yawa suke sa sharaɗin sai ka sayi wani abu kafin ka ɗauki hoto da su, abin da 'yan kallo ke ƙorafi a kai duk shekara, suna cewa sun biya a ƙofa, an sake tatsar su a ciki. Ni ban ga laifin ɗan wasa a nan ba, lissafi ne ya tilasta. Mu ƙaddara zaure na buɗe awa 8. Cire awa ɗaya ta zaman tattaunawa a dandamali, cire ɗaya ta cin abinci da gyaran fuska, saura 6. Idan kowane mutum ya ci minti ɗaya da rabi, gaisuwa da hoto da sa hannu, mutum 40 ke nan a awa, 240 a yini. Wannan shi ne rufin, komai farin jininka ba za ka wuce shi ba sai ka fara korar mutane da sauri, su kuma su je intanet su ce kana da girman kai. Mu ƙaddara kowa ya kashe dala 25: dala 6,000 a yini ga tauraron da layinsa ba ya yankewa. Wanda aka cire a mako na biyu na gasar shekaru biyar da suka wuce, wanda mutum 30 suka tsaya a gabansa, dala 750 ya gani, alhali kuɗin rumfa da jirgi da otal bai san wannan bambanci ba. Ga kuma ƙananan masifu: an buga riguna da yawa a girman da ba a nema, manyan sun ƙare tun safe, na'urar POS ta tsaya saboda wayoyi dubbai sun cushe intanet ɗin zauren, layi ya tsaya cak, mutane suka watse.

Dalilin da ya sa duk da haka suke zuwa shi ne rashin zuwan ya fi tsada. Kyautar gasar Amurka ta kai dala 100,000 na tsawon shekaru, ta koma 200,000 a 2023, amma mutum ɗaya ke ɗauka. Sauran sun kashe kuɗinsu wajen ɗinka kayan da suka shiga gasar da su, wasu sun faɗa a fili cewa bashi suka ci. Gasar Birtaniya da BBC ta fara nunawa a 2019 ma ba ta da kyautar kuɗi a zagayenta na farko-farko. Jarin da ya rage musu shi ne a ci gaba da tuna su, kuma kowace shekara gasar na fito da sabbin fuskoki daga ƙasashe da dama. Wanda ba a gani a dardumar nan ba, an fara mance shi ke nan. Waɗanda kuwa ba su taɓa shiga talabijin ba, masu wasa a ƙananan mashaya shekara da shekaru, su ne mafi yawa a sana'ar, amma a zauren nan galibi 'yan rakiya ne.

Su ma masu taron sun taɓa tuntuɓe, kuma tuntuɓen ya cancanci nazari ga duk mai shirya babban taro. Ranar Asabar ta farkon taron Landan, a zauren Olympia, cikin sanyin Janairun 2020, mutane riƙe da tikitinsu suka yi awanni a layi a waje, aka dakatar da shiga saboda cunkoso, wasu suka koma gida ba su leƙa ba. Masu taron sun ba da zaɓin a dawo Lahadi ko a karɓi kuɗi. Da aka dawo da taron Landan a 2023, zauren ExCeL aka koma. Yadda irin wannan ke faruwa ba wuya a gane shi. A baje kolin kaya mutum na shiga ya zaga awa biyu ya fita, wani ya maye gurbinsa, don haka ana iya sayar da tikiti fiye da abin da zaure ke ɗauka a lokaci guda. A taron masoya ba mai fita. Kowa na zuwa da safe don ya ga buɗewa, kuma yana nan har a rufe. Sannan mutane ba sa bazuwa daidai a fili: rumfuna biyar ko shida na manyan taurari ke janye rabin jama'a, layukansu su malala cikin hanyar wucewa su toshe ta. A takarda zaure bai cika ba, a wannan lungun kuwa an kai mutum 4 ko 5 a kowace murabba'in mita, inda tafiya ke fara gagara. Gyaransa sananne ne: a raba manyan taurari kusurwa-kusurwa, a ware wa kowannensu filin layi mai lanƙwasa a gefe, a raba katin lokaci ta yadda mutum zai dawo ƙarfe kaza maimakon ya tsaya, a kuma ƙirga masu shiga da masu fita a ƙofa. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin filin da da an sayar da shi rumfa, shi ya sa ake jan ƙafa.

A can ma ba kowa ya yarda da abin ba. Ana barin yara su shiga taron, kuma batun yara da dirag ya zama rigimar siyasa a Amurka, har jihar Tenesi ta yi doka a 2023 don taƙaita irin wannan wasa a gaban ƙananan yara, aka yi ta shari'a a kanta. Annobar korona kuma ta rufe taron Los Anjeles a 2020, bai dawo ba sai 2022.

Da an rufe zaure ranar ƙarshe, akwai sauran aiki. Ragar goshi sai an jiƙa ta da sifirit ko maganin cire gam, in an fizge ta yage, ta kuma tafi da fata. Fentin fuska sabulu ba ya fitar da shi, sai an fara narkar da shi da mai. Soson ƙugu ya sha gumi, in aka cusa shi a akwati bai bushe ba zai yi fumfuna. Zaure na da lokacin da dole a kwashe komai, wanda ya makara kamfanin lodi ya kwashe masa ya aiko da takardar caji. Rigunan da ba a sayar ba kuma su koma filin jirgi, a sake biya musu kuɗin nauyi.